Soket ɗin Fitilar Sito

Shekarar da na bar Gwandu na koma Kalgo, Goggo ce ta samo mini aiki a wani injin casar shinkafa inda take shara. Ƙanwar mahaifina ce, tsohuwa mai fama da asma. Ni kuma aikina ɗinke bakin buhu a can ƙuryar sito, wani dogon ɗaki marar taga, wanda ko da rana tsaka sai an kunna ƙwan lantarki.

Wata rana mai wurin ya kawo masu aikin wuta. Suka kafa wata fitila mai batir a bango, suka jona ta a soket, suka ce da an ɗauke wuta za ta kama da kanta. Sannan suka ja zirin fenti a ƙasa tun daga ƙurya har bakin ƙofa, wai yana shan hasken ƙwai, in duhu ya yi sai ya mayar. Fitilar muka yaba, fentin kuwa dariya muka yi masa. Goggo kaɗai ke goge shi da tsumma kullum, tana faɗa da duk wanda ya jibge buhu a kai.

"Ban san amfaninai ba," take cewa, "amma tunda anka sa shi, a bar shi fili."

Soket ɗaya tak ne a ƙuryarmu, kuma unguwarmu ba wuta. Sai na riƙa zare fitilar ina jona cajar wayata. Da na zare ta sai ta kama, ta yi ta ci har ta gaji ta mutu, ni ko a jikina. Mai wurin ya riga ya ce duk wanda ya taɓa ta a bakin aikinsa. Goggo ta yi mini magana sau biyu, na ce to, ban fasa ba.

Ranar wata Laraba bayan azahar, tarin buntun shinkafa da ke kusa da injin ya kama da wuta. Ihu muka fara ji, sai ƙwayayen lantarki suka ɗauke gaba ɗaya. Na ɗaga kai ina jiran fitilar. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba, kuma na san dalili.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Hayaƙi na shaƙe ni, mata na salati suna karo da buhuna. Na manta inda ƙofa take, ni da nake shiga ta kullum. Da na durƙushe don neman iska, sai ga zirin nan a gabana, kore shar, ƙarƙashin hayaƙin. Na yi ta ihu a duƙa a bi shi. Da rarrafe muka fita, kowace na riƙe da zanen ta gabanta.

A waje na duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, babu Goggo.

Wani ya riƙe mini hannu, na fizge. Na koma ciki da rarrafe, ina kiranta ina tari. Ban ga komai ba sai fentin da ta goge da safe. Na yi nisa sosai kafin hannuna ya taɓa ƙafarta. Tana kwance a kan zirin, ƙirjinta na wani irin fito. Yadda na jawo ta har ƙofa, wallahi har yau ban sani ba.

Aka shimfiɗe ta a gindin dalbejiya ana neman mota. Ina kuka ina yi mata faɗa, me ya kai ta ƙurya bayan aikinta a bakin ƙofa yake? Ta jawo ni kusa, ta zaro wani abu daga cikin zanenta ta danƙa mini a ɓoye. Wayata ce da cajar.

"Da sun iske wanga abu ga soket," ta ce da ƙyar, "ke za su kora, ɗiyata."

Ba a kore ni ba. Aka ce fitilar ce ba ta da inganci, na ji da kunnena na yi shiru. Goggo ta kwana tara a asibiti, daga nan aka mayar da ita Gwandu, don ƙirjinta bai sake ɗaukar ƙurar shara ba. Tsummanta na nan inda ta rataye shi a bayan ƙofar sito, kuma ni ke goge zirin yanzu.