Kunun Gyaɗar Da Ya Rufe Mini Gidan Raino

Edita, ina yi muku sallama, ku da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mace ce mai ganin ta gama sanin aikinta. Malamar firamare ce ni a Zariya kafin aure ya kawo ni garin Greensboro a Amurka. Da na zo sai na tarar takarduna ba za su shigar da ni aji ba sai na sake komawa makaranta, don haka na kama abin da hannuna ya saba, wato yara. Na fara da riƙe 'ya'yan maƙwabta a ɗan fulat ɗin da muke haya a bayan Gate City Boulevard. Da Allah ya buɗa mana muka koma gida mai fili a wajen Sedgefield, maigidana ya matsa mini in nemi lasisin gidan raino, in yi abin a kan ƙa'ida. Na yi kwasa-kwasai, na koyi taimakon gaggawa, aka ɗauki zanen yatsunmu ni da shi aka bincika ko muna da wani laifi a baya, aka zo aka leƙa kowane lungu na gidan. Ranar da na rataye takardar lasisin a falo na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Yawancin iyayen mutanenmu ne, nas-nas da masu kula da tsofaffi da direbobi. Suna son 'ya'yansu su riƙa jin Hausa, ko da yaran da Turanci suke amsawa. A cikinsu akwai wata nas 'yar Filato, Kirista, wadda muka shaƙu har ta zama kamar ƙanwata. Anti take ce mini. Ɗanta bai cika shekara uku ba, yaro ne mai shiga rai, amma jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Tun ranar farko ta zaunar da ni ta yi mini bayani cewa ba maganar ƙaiƙayi ba ce, numfashinsa ne yake toshewa. Ta ba ni allurar gaggawa mai kama da biro, ta nuna mini yadda ake soka ta a cinya. Daga ranar na fitar da gyaɗa da duk danginta daga kicin ɗina, har yajin maigidana.

Akwai jami'ar da hukuma take turowa ta duba gidajen raino, mu dai sifeto muke ce mata. Baturiya ce mai ɗan shekaru, ba ta sanar da zuwanta, sai dai ka ji ƙwanƙwasa. Takan buɗe firij, ta duba inda magani yake, ta leƙa gadajen jarirai, ta ƙirga yara. Ba ta da faɗa, kuma ba ta taɓa samuna da wani babban kuskure ba. Ta sha jaddada mini cewa duk baligin da zai zauna a gidan sai na sanar an bincike shi, kuma wanda ba a tantance ba ba a bar masa yara.

Sai mahaifina ya rasu. Bayan Inna ta gama takaba muka nema mata biza ta zo ta ɗan zauna da mu, ko zuciyarta ta yi sanyi. Ni ce 'yarta ta fari, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ma doguwar hira, ba ma haɗa ido sosai. Tun kafin ta sauka maigidana ya tuna mini maganar sanar da hukuma, na ce masa zan yi. Amma duk lokacin da na yi niyya sai in hango kaina ina ce wa matar da ta raine ni da ƙannena da jikokinta, matar da ba ta daɗe da rabuwa da mijinta ba, ta zo a dangwala yatsunta a bincika ko ita mai laifi ce. Bakina ya kasa. Na riƙa gaya wa kaina ai baƙuwa ce, watanni kaɗan ne za ta koma.

Maganar gyaɗa ma haka na yi mata. Wata rana muna kicin na ce mata yaron nan ba ya cin gyaɗa, shi ke nan. Ta gyaɗa kai ta ce yaran ƙasar nan akwai tsirfa. Na ji sarai cewa ba ta fahimta ba, ta ɗauka zaɓen abinci ne, amma na yi shiru, don ina ganin idan na ƙara zai zama kamar ina koya mata raino. Na san ta zo da niƙaƙƙiyar gyaɗarta daga gida tana ajiye a ɗakinta. Na ce a raina ai a ɗakinta take.

Zaman yaran ya yi wa Inna magani. Matar da ta zo ba ta iya cin abinci sai ga ta tana dariya. Yaran suka laƙaba mata Kaka. Yaron nas ɗin nan kuwa ya manne mata, ita ba ta jin Turanci, shi Hausarsa guntu-guntu, amma sai su wuni tare a kan dardumarta yana wasa da carbinta. Uwarsa ta ji daɗi ƙwarai, idan ta zo ɗaukarsa sai ta durƙusa ta gaishe da Inna, tana ce mata Mama. Ba ta taɓa tambayata ko na yi wa Inna bayani ba. Ta yarda da ni ne.

Ana nan wata safiya na hango motar sifeto ta taga. Na yi sauri na ce wa Inna ta shiga ɗaki ta ɗan huta, ina da baƙuwa. Ta tashi ba musu. Sifeto ta yi dube-dubenta, ta yaba da tsabtar gidan, sannan ta yi tambayar da take yi kullum, ko akwai abin da ya canza, ko akwai wani sabo da yake zaune a gidan. Na dube ta na ce babu. Ta tafi, da yamma ta yi na ji kamar na tsallake, kuma wannan jin shi ya ƙara cutar da ni.

Bayan 'yan makonni yaron ya yi mura, ya ƙi abinci. Ranar wata Alhamis ce, Inna tana azumin nafila. Bayan la'asar na fita da sauran yaran filin bayan gida, shi kuma ya ƙi sakin zaninta, sai na bar shi a wurinta. Ashe ta shiga kicin ta dama kunun gyaɗa na buɗa-bakinta. Da ta ga yaron ya wuni bai sa komai a cikinsa ba, tausayi ya kama ta, ta fifita kunun ta ba shi a cokali. Ya karɓa. Ta ce mini daga baya har hamdala ta yi da ta ga ya haɗiye.

Salatinta na fara ji. Na kwaso yaran na shigo da gudu, na tarar da shi a cinyarta, leɓunansa sun kumbura, idanunsa sun ƙanƙance, numfashinsa yana fita da wani irin shaƙewa da har yau nake ji a kunnena. Inna tana tofa masa addu'a tana shafa masa ruwa. Na ga kofin, na ji ƙamshin, na gane. Ban san yadda aka yi na ɗauko allurar ba, na dai tuna na soka masa a cinya ta saman wando, na kira motar asibiti. Sauran yaran suna ta kuka. Inna tana ta tambayata me ya same shi, ko aljanu ne. Ma'aikatan suka zo suka ɗauke shi. Ban iya bin su ba saboda yaran mutane da ke hannuna, sai na kira uwarsa a wurin aiki na gaya mata abin da ban taɓa zaton zan gaya wa wata uwa ba.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Da na samu na isa asibitin numfashinsa ya daidaita, yana barci da robar iska a hanci. Uwarsa tana zaune da kayan aikinta a jiki. Ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Anti, da kin ce mini Mama ba ta sani ba, da ni da kaina na durƙusa na yi mata bayani. Me ya fi wannan sauƙi?"

Ƙa'ida ce idan yaro ya je asibiti daga gidan raino a sanar da hukuma, na kuwa sanar, don ba sauran abin ɓoyewa. Sifeto ta dawo, wannan karon ita da wata. Suka tambaye ni wa ya ba yaron kunun, tun yaushe Inna take gidan, ko tana nan ranar da aka zo dubawa. Na faɗi gaskiya duka. Sifeto ta ce abin da ya fi damunta shi ne maganar ba mai wuya ba ce, iyaye da yawa suna zuwa daga ƙasashensu, da na faɗa mata da ta nuna mini yadda ake yi.

Sai suka ce suna son jin ta bakin Inna, kuma ba ni zan fassara ba. Suka kira tafinta ta waya, wani mai Hausar Nijar. Inna ta zauna a gefen kujera cikin hijabinta, ta ce laifinta ne ita kaɗai, idan ɗauri ne a ɗaure ta a bar 'yarta. Tafintan ya yi mata bayanin cewa ba ɗaure ta aka zo yi ba. A bakinsa ta fara jin cewa gyaɗa tana iya kashe yaron, kuma na san haka tun kafin ta zo. A bakinsa kuma ta ji cewa ranar da na ce ta shiga ɗaki ta huta, ɓoye ta na yi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon fuskarta lokacin da maganar ta isa gare ta.

Bayan sun tafi ta kira ni ɗakinta. Ta kira ni da sunana, sunan yanka, karo na farko a rayuwata. Ta ce, "Kin bar ni na kusa kashe ɗan mutane da hannuna. Ni ce ba za a iya gaya wa magana ba?" Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, na ce kunyarta na ji. Ta juya ta fuskanci alƙibla.

An dakatar da lasisina. Aka sa na sanar da kowane uba da kowace uwa dalili a rubuce. Wasu sun tausaya, wasu sun daina ɗaga wayata, kuma ban ga laifinsu ba. Garin nan mutanenmu ba su da yawa, magana ta zaga masallaci da coci a mako guda. Bayan watanni da ƙarin horo aka yarje mini in sake buɗewa bisa sharuɗɗa, ana zuwa dubawa a kai a kai. Uwar yaron ba ta kai ni ƙara ba, ta ma zo har gida ta gaishe da Inna ta ce mata ba ta riƙe ta a rai ba. Amma ba ta sake kawo mini ɗanta ba, kuma idan muka haɗu a shagon kayan abincinmu gaisuwa ce kawai.

Inna ba ta jira bizarta ta ƙare ba, ta ce a mayar da ita gida. Ƙanwata da ke can gida ta gaya mini yanzu ko jikanta ne ya miƙo hannu tana cin abu, sai ta kira uwarsa ta tambaya tukuna. Ta ce ta yafe mini, na kuma yarda, amma hirarmu ta waya ta fi da gajarta.

Na daɗe ina kiran abin da na yi ladabi. Yanzu na san tsoro ne, tsoron magana mai nauyi ta 'yan mintoci. 'Yan'uwana mata masu riƙe yaran mutane a ƙasar nan, waɗannan ƙa'idojin da muke gani kamar takura, da tambayoyin da sifeto take maimaitawa har su gundure mu, kowanne akwai yaron da aka yi shi dominsa. Idan wani ya zo zama a gidanki, ko wace ce, ki sanar. Idan yaro yana da lalura, ki zaunar da duk wanda ke gidan ki faɗa masa da Hausar da zai gane, har da kalmar mutuwa idan ita ce gaskiya. Da na yi haka, da Inna ta ɗan ji haushina, ya wuce. Sai na zaɓi in kare ta daga ɓacin rai kaɗan, na ɗora mata abin da za ta tafi da shi kabari. Ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a, ita da yaron. Ba su yi wa kowa laifi ba.