Bayan Wuƙa a Bakin Daro

Babana malamin firamare ne a Kafanchan, kuma ban taɓa jin ya ce mini na yi kuskure ba. Yana da tasa hanyar. Idan na faɗi jimlar Turanci ta fito a karkace, sai ya ƙwanƙwasa duk abin da ke kusa da hannunsa, ya yi shiru, ya jira. Ni zan lalubo inda ta karkace, in sake faɗa. In na gyara babu yabo, sai dai ya ci gaba da abin da yake yi. Shirun nan shi ne ladana, kuma na fi son sa da alewa.

Yawancin darasinmu a kan citta muka yi shi. Duk ƙarshen shekara, in an ba da hutu, mukan tafi ƙauyenmu kusa da Fadan Kagoma, inda yake da gonar gado. Citta in an haƙo ta sai an tsaga ta biyu kafin a shanya, aikin zama ne mai cin yini. Mukan zauna a gindin mangwaro, daro a tsakaninmu, kowa da 'yar wuƙarsa. Sai ya ba ni jimla ɗaya da Turanci, kamar a ce manomi yana tsaga citta, ya ce in juya ta. In mai da ita jiya, in mai da ita gobe, in yi tambaya da ita, in musanta ta, in mai da manomin manoma. Ina yin tuntuɓe zan ji bayan wuƙarsa a bakin daro: ƙwal.

Mama takan zo kwasar wadda muka tsaga, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Turawan Kagoma, sannunku da aiki. Rana dai ba ta jin Turanci, tafiyarta take yi. A ba ni abin shanya."

"Ki bar mu, uwargida," in ji Baba. "Likita nake gina miki."

"Likitan da bai iya gaishe da tsofaffi ba? Malam, ka ji tsoron Allah."

Gaskiya ta faɗa. A gari na tashi, inda ake Hausa a kasuwa da coci da bakin famfo. Yarenmu kuwa iyayena sai in ba su so mu ji ba suke yin sa. In tsofaffin ƙauye suka gaishe ni, murmushi nake yi in dubi ƙasa, dama ni ba mai yawan magana ba ce. Baba bai damu ba. Yakan ce yare ɗan gida ne, ba inda za shi, Turanci ne baƙo, shi ake yi wa shimfiɗa.

Ina ajin ƙarshe a sakandare hawan jini ya kayar da shi a filin makaranta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da bakinsa ya buɗe a asibiti, babu Turanci, babu Hausa, sai yare kawai. Likita ya ce akan ga haka, wani lokaci abin da mutum ya fara ji a bayan uwarsa shi kaɗai ke saura.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina ƙarama Mamana yake kira na. Yanzu ma haka ya kira ni, amma da yare, sannan ya kama doguwar magana, idonsa a kaina. Na tsinci kalma nan da can: ruwa, gona, zo. Sauran ya wuce ni. Na juya wajen Mama.

"Ya ce ki ci abinci," in ji ta.

"Duk wannan maganar, Mama?"

"Sauran zancen mutanen da ne. Ban san ta inda zan kama miki shi ba."

Na gwada masa Turanci, jimla mai tsabta irin wadda yake so. Ya dube ni kamar wanda ya murɗo tashar rediyon da bai sani ba, ya juya fuskarsa bango. Ranar na gane cewa Baba yana nan, yana magana, amma in ban yi sauri ba zai tafi ban ji abin da yake gaya mini ba.

Aka mai da shi ƙauye. Lokacin citta ya zo, muka riƙa fito da shi gindin mangwaro a kujera, Mama ta ba shi kunu ya sha da hannun hagu. Wata rana ina tsaga citta ni kaɗai a gabansa, na ce wa Mama a hankali ta ba ni jimla ɗaya da yare.

"Wace iri?"

"Ina tsaga citta."

Ƙanwar Baba, da ke tankaɗe a gefe, ta kwashe da dariya. "Yau Baturiya ta sauko ƙasa! A kira makaɗa."

Mama ta faɗa, na maimaita. Sai na ji ƙwal. Baba ne ya miƙo cokalin kununsa ya bugi bakin daro. Bai dube ni ba, citta yake kallo, yana jira.

Na sake faɗa. Ƙwal.

"Bakinta kamar ta guntsi dankali mai zafi," in ji ƙanwar tasa, amma ta daina tankaɗen.

Na sake, na sake, ina ɗaga murya inda Mama ta ɗaga, ina sauke ta inda ta sauke. Can sai cokalin ya tsaya a kan cinyarsa. Shiru. Na sunkuyar da kai na ce cittar ce ta shiga mini ido.

Haka muka yi wannan kakar. Mama ta ba ni jimla, ni in juya ta, shi ya buga ko ya ƙyale. Na iya gaisuwar safe da ta yamma, na iya tambayarsa inda ke masa ciwo, na iya gaya masa an sayar da akuya, 'yar maƙwabta ta haihu. Amma doguwar maganar nan tasa ba ta bar ni na kamo ta ba. Yakan yi ta, ya tsaya, ya dube ni. Ni kuma sai in ce masa da yare, a hankali, Baba, sake faɗa. Wani lokaci ya sake, wani lokaci gajiya ta riga shi.

Kafin ruwan farko ya sauka, Ubangiji ya kira shi.

A wajenmu, ranar jana'iza ɗaya daga cikin 'ya'yan mamaci ke tashi a coci ya karanta tarihin rayuwarsa. Dangi suka ce ni zan yi, kuma da Turanci, saboda malamai abokan aikinsa da baƙi daga gari. Na karanta har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Daga nan na ɗaga kai daga takardar, na faɗi jimla ɗaya da yare wadda ba wanda ya ba ni, ni na haɗa ta: Baba, Mamanka ce, ka sauka lafiya.

Sai na tsaya ina jira, kamar yadda na saba. Cocin ya yi tsit. Na daɗe a tsaye har fasto ya taɓa kafaɗata.

Bayan baƙi sun watse, na iske Mama a bayan ɗaki tana wanke kwanukan da aka ci abinci. Na tsuguna na karɓi soso. Na tambaye ta ko abin da na faɗa ya fito daidai.

Ba ta ɗago ba. Ta ɗauraye daron da ke hannunta, ta kife shi a kan dutse.

"Kin ji an buga?" in ji ta.