Yaou Mai Katifa da Jinin 'Yan Tsere

A ƙauyen Partago aka haifi Yaou, kuma tun yana yaro ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Da ya girma sai ya dawo Parakou, ya buɗe shagon katifu a unguwar Albarika. Yini yake a kwance kan hajarsa, in mai saye ya tambayi ingancin katifa, sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ka ganni dai."

Soumaya 'yar maƙwabcinsa ce, likita mai bincike kan yadda za a gane 'yan wasan da ke shan maganin ƙara jini don su fi kowa juriya. Tana neman jinin mutanen da ba sa wasa, don ta kwatanta da na 'yan tsere. Duk unguwar kuwa babu wanda ya kai Yaou rashin wasa.

"Kawu, jini kaɗan zan ɗiba," in ji ta.

"Sai na tashi?"

"A'a."

Ya miƙa hannu.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo fuska a ɗaure. Jajayen ƙwayoyin jininsa sun fi na duk 'yan tseren da ta gwada yawa, har sun wuce iyakar da ake zargin mutum da maguɗi. Ta tambaye shi abin da yake sha, ya ce fura. Ta sake gwadawa, bai canza ba. Ta je Partago ta gwada danginsa, ta tarar har gwaggonsa mai dogara sanda haka jininta yake. Gado ne. Soumaya ta yi murna, don abin da take son nunawa ke nan: yawan jini shi kaɗai ba ya tabbatar da laifi.

Mutanen Partago ba haka suka ji zancen ba. Abin da suka ji shi ne suna da zakara a ɓoye. Kowace shekara bayan girbi suna tseren gudu da ƙauyen Onklou, kuma sun gaji da shan kashi. Sanoussi, shugaban matasa, ya zo Albarika da kansa tare da samari, suka sa Yaou a taksin Djougou yana ta rantsuwa cewa ko moto ya hau haki yake yi. Daga Djougou aka wuce da shi ƙauye, aka sa masa gajeren wando.

Ranar tsere yana tsaye a bakin layi, ciki a gaba, yana tunanin inda zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba, sai mutanen Onklou suka tada hayaniya. Su ma labari ya iske su: likita ta ce jinin mutumin nan ya wuce ƙa'ida. Alƙalan wasa suka shiga inuwar mangwaro suka yi shawara, suka fito suka ce an haramta wa Yaou gudu har ƙarshen rayuwarsa.

Yaou ya fashe da kuka. Mutanen Partago suka ɗauka baƙin ciki ne. Suka ɗaga shi a kafaɗa suka zagaya kasuwa da shi, suna kirarin gwarzon da Onklou ta ji tsoro. Ko da aka gama tseren suka sha kashi kamar kullum, babu wanda ya damu.

Soumaya kuwa ranta ya ɓaci. An yi amfani da aikinta an hukunta marar laifi. Ta ce za ta je ta wanke shi.

"'Yata, ki rufa mini asiri," in ji Yaou. "Me na yi miki?"

"Kawu, an ɓata maka suna."

"Sunan ya fi na da kyau. Jiya wani yaro ya zo daga Djougou don kawai ya taɓa ƙafata."

Ba ta saurare shi ba. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauyukan biyu tana yi wa alƙalan bayani, har da kawo gwaggo a matsayin shaida. Daga ƙarshe suka gamsu, suka janye hukuncin, suka ba shi haƙuri, suka kuma sanar cewa shi zai buɗe tseren baɗi.

Yaou ya daina gaisawa da Soumaya har damina ta wuce. Da girbi ya matso, aka gan shi ya hau taksi zuwa Onklou ɗauke da ƙwaryar goro. Ya zauna gaban dattawan garin, ya gaishe su cikin ladabi, ya roƙe su don Allah su sake kai ƙararsa.

Suka yi shawara, suka ce sam. Likita ta ce mutumin kirki ne, su kuma ba za su zalunce shi sau biyu ba.