Lelya Rayna Mai Kiwon Jan Inabi

Shekara ashirin da shida Lelya Rayna ta yi tana kiwon wani inabi da ba shi da ganye, ba shi da saiwa, bai kuma taɓa shan ruwan sama ba. Ni kuwa, Nevena mai digiri uku, wata huɗu kacal aka bar mini shi, saura ƙiris in kashe shi. Har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni.

A hawa na biyu na cibiyar bincikenmu a birnin Plovdiv muke ajiye shi. Asalinsa ɗan yankin fatar baƙin inabin da ake kira mavrud ne, wanda shugaban sashenmu, Farfesa Kumanov, ya yanko tun yana da suma a ka. Ya ɗora shi a kan wani daskararren abinci mai sukari, cikin farantin gilashi mai murfi. Ƙwayoyin halittar fatar nan suka ƙi mutuwa. Suka yi ta rabuwa suna ƙaruwa har suka zama ɗan tudu mai kama da dambu. Launinsa kawai muke nema, jan nan mai duhu, don a riƙa sa wa alewar lokum da kindirmo da lemo, a huta da jan sinadari. Gona sau ɗaya take bayarwa a shekara, shi ma in ƙanƙara ta ƙyale ta. Wannan kuwa da zafi da sanyi yana nan yana aikinsa a cikin gilashi.

Sai dai duk mako uku abincinsa yakan ƙare. Dole wani ya zauna gaban akwatin da ke hura tsabtatacciyar iska, ya ƙona bakin hantsaki a wuta, ya tsinci 'yan gutsattsari ya mayar da su sabon faranti. Sauran a zubar. Abin da aka tsinta shi ne zai rayu, kuma aikin Lelya Rayna ke nan.

'Yar ƙauyen Brestovitsa ce, a gonar inabin ubanta ta tashi, aji takwas ta yi ta ajiye karatu. Wanke kwalabe ya kawo ta cibiyar. Wata shekara mai aikin tsincen ta tafi haihuwa, Farfesa ya rasa wanda zai sa, ya ce bari a gwada mai wanke kwalabe. Shi ke nan, kujerar ba ta sake fita daga hannunta ba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, kullum da banitsa, wata wainar fulawa mai cuku, a naɗe cikin jarida. Duk muna ce mata Lelya, wato gwaggo, don gwaggon kowa ce. Ita kuma kowace dakta ɗiyata ce a wurinta, Farfesa ne kaɗai take kira da muƙaminsa, shi ɗin ma ba ya tsira daga faɗanta kan taba. Na taɓa zama na lissafa: sau ɗari huɗu da hamsin ta sauya wa abin nan faranti, ko sau ɗaya bai kuɓuce mata ba.

Da ritayarta ta matso aka ce ni zan gaje ta. Na zauna kusa da ita da littafi da biro.

Na ce, “Lelya, wanne kike ɗauka?”

Ta ce, “Prosharen, ɗiyata.”

“Wato mafi ja?”

“Prosharen na ce. Kunnen ne ya toshe, ko karatun ne ya yi yawa?”

Na san kalmar mana, wa bai san ta ba? Kan da furfura ta fara tsilla-tsilla a cikinsa shi ake ce wa prosharen. Na ce a raina zancen tsofaffi ne kawai, me ya haɗa furfura da ƙwayoyin halitta? Na rubuta a littafi: a zaɓi mafi ja. Ai ja muke nema. Ga mu da sabuwar na'ura mai auna launi ta ba ka lamba, wace tsohuwa ce za ta fi ta ido?

Ƙarshen Maris ta tafi. Sauyin farko da na yi, farantai suka fito jawur, har da duhu-duhu, na riƙa kiran mutane su zo su gani. Na biyu, girman ya ragu. Na uku, gefe-gefen ya fara kama launin tsatsa. Na canza abinci, na canza haske, na zargi ruwa, na zargi mai shara, kowa na zarga ban da kaina. Kafin Agusta, cikin faranti arba'in saura shida masu rai. Kuma babu irinsa a ko'ina, don duk lokacin da aka gwada daskarar da shi a ajiye, fari yake farfaɗowa. In shidan nan suka mutu, aikin shekara ashirin da shida ya bi ruwa, a hannuna.

Farfesa ya daɗe yana duban su. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Motar Brestovitsa ƙarfe tara take tashi.”

Na sami Lelya a tsakar gida tana gasa tattasai. Tun kafin in gama gaisuwa ta ce, “Kin kashe mini shi?”

Na ce, “Saura shida, Lelya.”

Ta goge hannu, ta kama damtsena, muka bi bayan gida zuwa gonar ƙanenta. Ta riƙa shafa nonnan inabi ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan wani. Ta ɗora shi a tafina. Wasu 'ya'yan kore shar, wasu sun yi baƙi, yawancinsu kuwa rodi-rodi, ja na shigowa kore bai gama fita ba.

Ta ce, “Ga prosharen. A gona aka fara faɗinsa kafin a kai shi kan tsofaffi. Ke 'yar bene ce, 'yar birnin Sofiya, inabi a leda kika san shi.”

Na riƙa jujjuya nonon a tafina.

“Baƙin nan ya gama aikinsa, jiran mai ci yake. Koren ba abin da ya sani sai girma. Na tsakiyar nan shi ne yake girma yana kuma yin ja. Ke kin bi kin tsince masu ja wur, ko?”

Na ce e.

“To kin tara tsofaffi a ɗaki kin ce su haihu.”

Abin da ta faɗa yana cikin littattafaina: ƙwayar da ta cika da launi ta daina rabuwa. Na karanta, na ci jarrabawa a kai, ban taɓa haɗa shi da abin da ke bakin hantsakina ba. Ita ba ta karanta ba, a gonar ubanta ta gani tana yarinya.

Washegari na zo da ita cibiyar. Ta sa tsohuwar farar rigarta, ta wanke hannu har gwiwa, ta zauna. Na jawo fitila kusa da farantan.

Ta ce, “Bar fitilar nan, ɗiyata, ba ta da amfani a wurina. Shekara biyu ke nan ba na rarrabe ja da baƙi. Yana ce ta rufe idon, likita ya ce akwai wani abu kuma a bayanta wanda aiki ba ya gyarawa.”

Na ce, “Shekara biyu? Ai wata huɗu ne da barinki aiki.”

“Kin iya lissafi.”

“To da me kike tsinta?”

Ta ɗaga hantsakin. Ta ce wanda ya tsufa laushi gare shi, kana taɓa shi sai ya saki ruwa. Ɗanyen, wato farin, santsi yake, zamewa yake yi. Na tsakiya yana da ɗan gardi, yana ɗan turjewa kafin ya rabu da 'yan'uwansa. Ta ƙona bakin ƙarfen, ta jira ya huce tana ƙirgawa a hankali, ta shiga taɓa tudun nan da ya kusa mutuwa, ta wuce nan, ta tsaya can. Kanta a ɗage yake, ba ma farantin take fuskanta ba. Farfesa ya shigo ya tsaya a bayanmu, bai ko motsa ba. Daga faranti shida, gutsure tara kawai ta yarda da su, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ni da idona biyu ban ga bambancinsu da sauran ba sai da ta ajiye su a gefe, sannan na ga rodi-rodin.

Da ta gama ta miƙa mini hantsakin, ta tura mini ragowar da za a zubar, ta ce in rufe ido. Awa guda ban ji komai ba, ƙarfe ne kawai a hannuna. Tana gefe tana cin banitsarta a bakin ƙofa tana ce mini hannun karatu, ko ƙwai ba zai iya zaɓa ba. Can sai na ji wani abu ya ɗan turje. Na ce, “Lelya, kamar na ji.” Ta zo ta taɓa wurin, ta ce, “Shi ne.”

Mako ukun nan ban san yadda na yi su ba. Biyu suka mutu tun a makon farko. Bakwai suka yi shiru kamar su ma za su bi, sai a kwana na goma sha biyu gefensu ya fara kumburowa, fari-fari, sannan ja ya biyo.

Ranar da mako uku ya cika na liƙe murfin faranti ɗaya, na naɗe shi a tawul, na shiga motar ƙarfe tara. Tana zaune ƙarƙashin rumfar inabi. Na ɗora mata shi a cinya na ce, “Bakwai sun tashi.”

Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kawo shi daf da fuskarta, ta nisanta shi, ta sake kawowa.

Ta ce, “Shekara biyun nan kullum da tsoro nake komawa gida. Ina cewa ko ya koma fari ne kuna jin nauyin gaya mini. Ban iya tambaya ba, da na tambaya da kun gane.” Ta juyo da fuskarta wajena. “Faɗa mini gaskiya, Nevena. Ja ne?”

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na ce, “Ja ne, Lelya. Bai taɓa yin fari a hannunki ba, ko sau ɗaya.”

Ta daɗe da shi a cinya, tana shafa murfin da babban yatsa. Sannan ta miƙo mini.

“Mayar da shi, rana ta yi masa yawa.”