Ledar da Kaka Ke Hura Wuta da Ita

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ƙona shara a bayan katanga, warin ƙonanniyar leda ya biyo taga ya same ni a kan keken ɗinki. Na tashi na rufe tagar, amma na kasa komawa kan aikin. Wataƙila kai wannan wari bai wuce ya sa ka toshe hanci ka wuce ba. Ni kuwa warin zanen Kakata ne, wadda ta haifi babanmu.

Ban fi shekara goma ba muka baro ƙauyenmu a Borno, a shekarun da mutane ke gudu da kayan jikinsu kawai. Ni ce da ƙannena biyu da Mama da Kaka. Babanmu ya ce mu yi gaba zai biyo mu. Bai biyo ba, kuma har yau babu wanda ya zo mana da labarin da za a riƙe. Muka sauka a Gombe, a unguwar Barunde, inda wata dattijuwar Bafulatana da kowa ke kira Goggo ta ba mu ɗaki a ƙarshen gidanta, daf da kwari.

A gida Kaka tana da tukwanen ƙasa da ƙorai da akussa da ta gada wurin uwarta. A Gombe aka raba mana kayan taimako: bokiti, kwanuka, kofuna, duk na roba. Na tuna yadda ta juya kwano ɗaya a hannunta, ta shinshina, ta ce abin ba shi da nauyin da zai riƙe abinci. A cikinsa dai muka ci.

Mama ta samu wankau a wasu gidaje a unguwar Nasarawo, amma bai isa ya riƙe baki biyar ba. Sai Kaka ta kama sana'ar alala. Goggo ce ta nuna mata yadda ake yi a gari: a ɗura ƙullun a farar leda, a ƙulle, a jefa cikin tafasasshen ruwa. Ledar ta yi mana wani amfanin kuma. A lokacin ana tsoron duk abin da ke rufe, ana buɗe jaka a ƙofar kasuwa da ta masallaci, mu kuma da Hausarmu ke da karin Barebari an fi daɗewa ana dubanmu. Alala a farar leda cikin farin bokiti kuwa, kowa na ganin abin da ke ciki.

Wahalar tana wajen wuta. Itace ya yi tsada, da damina kuma a jiƙe ake sayen sa, kananzir ba a maganarsa. Amma kwarin bayan gida cike yake da abin da ruwa ya kwaso daga unguwannin sama: ledar fiya wata, tsinkakkun silifa, fasassun robobi. Kaka ta gano cewa in ta cinna wa leda ashana ta riƙe a kan itace, tana ɗigar da wuta, ko ɗanye ne sai ya kama. Da farko don hurawa kawai take sawa. Daga baya, ranar da itace ya gaza, da robar take ƙarasa girkin. Wutar takan yi wani kore-kore, hayaƙin baƙi wuluk mai ɗaci a maƙogwaro, ya taru a ƙarƙashin 'yar rumfar kwanon da take fakewa. A ciki take duƙawa tana hurawa da baki, kullum, tun safe har rana ta take.

Tarin ya fara a hankali. Muka ce sanyin damina ne. Rani ya zo bai tafi ba, muka ce tsufa ne. Goggo ta dafa mata citta da kanumfari, Mama ta sayo maganin tari a kemis, tarin na nan.

A tsakanin nan Goggo ta ba Kaka wata 'yar akuya ta kiwata, in ta haihu su raba. Kaka ta so akuyar nan ƙwarai, da ita kaɗai take doguwar hira da Barbarci. A kwarin take kiwo kamar sauran awakin unguwa. Can sai ta fara ramewa, cikinta kuma yana kumbura, ta daina cin dusa. Da aka ga za ta mutu aka kira mahauci. Da ya farke tumbin sai ya zaro wani dunƙulen leda, baƙa da fara sun cakuɗe, ya kai girman kan jariri. Ya ce ya saba gani. Kaka ta daɗe a tsugune tana kallon abin.

"Ita ta ci da baki," in ji ta, "ni kuma ina sha da hanci."

Bayan nan ne ta yarda Mama ta kai ta asibiti, ni ma na bi su. An yi gwajin tarin fuka ba a samu ba. Likitan, wani matashi da gajiya ta cika masa ido, ya tambayi da me take girki. Da Mama ta faɗa masa, ya ce hayaƙin roba yana da guba mai cin ƙirji sannu a hankali, dafa abinci mai zafi a leda ma ba alheri ba ne ga masu ci. Ya ce ba zai rantse hayaƙin kaɗai ne ba, amma dole ta nisanci wuta. Kaka ta ce Mama ta tambaye shi abin da yara za su ci. Ya ce ya sani, ba ita ce ta farko da ta tambaye shi haka ba.

Da muka dawo Mama ta ce ita za ta karɓi murhun, Kaka ta riƙa zama bakin bokiti tana sayarwa. Ban taɓa ganin Kaka ta tsaya a kan magana kamar ranar ba.

"Nawa ƙirjin ya riga ya lalace," ta ce wa Mama. "A bar naki da lafiyarsa. Yaran nan ba su da kowa bayanki."

Ba wai ba ta canja komai ba. Ta fito da murhun fili. Ta roƙi masu shayi gwangwanayen madara ta koma dafa alalar a ciki, ko da yake masu saye sun yi ta ƙorafi, sun fi son abin da za su jefa a aljihu su wuce. Ta riƙa shanya itace a ƙarƙashin gado. Amma ranar da ruwa ya wuni yana zuba, itacen ya ƙi kamawa, sai in ga ta waiga ta zaro leda daga ƙugunta. Mu kuwa ta hana mu zuwa kusa, ko inuwarmu ta gani sai ta ɗaga muciya.

Haka ta yi 'yan shekaru. A ƙarshe ko daga ɗaki zuwa bayi sai ta huta a hanya, numfashinta na fito kamar iska a kafar ƙofa. Da damina ta rasu, aka rufe ta a Gombe, ba ta sake ganin ƙauyenmu ba. Allah Ya jiƙanta.

Yanzu ina unguwar Kumbiya-Kumbiya, nan cikin Gombe, da mijina da yarana. An daina buɗe jaka a ƙofar kasuwa, ina girki da gas, ledar kuwa sai ƙaruwa take yi. Nakan aiki 'yata sayen koko da kwanon silba, ta tafi tana kumbure-kumbure wai ita kaɗai ke zuwa da kwano. Sau da yawa mai kokon ta riga ta ƙulla shi da zafinsa a leda, sai ta ɗora ledar cikin kwanon. Na yi magana har na gaji.

Mama tana wurina. Ta tsufa, gwiwa na damunta, ido ma ya rage. Amma in la'asar ta yi takan tsaya a ƙofar gida ta kira jikokinta daga can ƙarshen layi, da numfashi ɗaya, kuma duk suna jin ta.