Zazzaɓin da Ya Sa Inna Ta Kira Ɗan Fari

Kakata, wadda muke ce wa Inna, a ruga aka haife ta. Aure ne ya kawo ta birni, unguwar Soron Ɗinki, a nan ta tsufa, amma kunyar ɗan fari ba ta baro ta a daji ba. Babanmu ne ɗan farin nata. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya shigo gaishe ta sai ta juya wa bango fuska ta amsa. In magana ta kama, ni take aika: je ki ce wa wancan. Wancan fa, mutum da furfurarsa da rumfar yadinsa a kasuwa. Ni abin haushi yake ba ni. Nakan ce, Inna, tsintar sa kika yi ne? Sai ta wurgo mini mafici. Baba dariya yake yi, ya ce al'ada ce. Amma na san abin yana cin sa, don na taɓa ji yana tambayar gwaggonsa ko tun yana jariri haka take yi masa.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, da damina, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Maza suna zaure suna musu kan sabon gwamna, mu muna ɗaki muna jiƙa tsumma muna ɗora mata a goshi. Da la'asar zafin yake tashi. Idonta a buɗe, amma ba mu take gani ba. Tana kora shanu, tana faɗa a ɗaure maruƙa, rabi Hausa rabi Fulatanci. Matan gida suka ce hankalinta ya gushe. Ni ban yarda ba. Wadda take kiran kowace saniya da sunanta hankalinta yana nan sarai, wani wuri dai ya koma da zama.

Ran nan Baba ya shigo da magani, ya durƙusa can nesa kamar kullum. Sai ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa. Sunansa na yanka. Ta miƙa hannu. Ya matso, ta kamo kansa har hularsa ta faɗi, ta kwantar a ƙirjinta tana jijjiga shi kamar jinjiri, tana ta magana da Fulatanci. Baba ba ya jin yaren. Sunansa kawai yake tsinta a ciki, kafaɗunsa suna rawa. Muka sulale muka bar musu ɗakin.

Allurai suka yi aiki, zazzaɓi ya sauka. Wata safiya ta nemi koko, ta yi mini faɗa wai ya yi tsami. Na tambaye ta ina ta je, ta ce wane zuwa, barci ta yi. Ko mantawa ta yi, ko ƙin tunawa, har yau ban sani ba. Da Baba ya yi sallama ta juya fuska, ta ce in gaya masa ya tafi kasuwa, ta ji sauƙi.

Ya yi hamdala. Na raka shi soro, ya tsaya yana ta gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Likita ya ce zazzaɓin ba zai dawo ba ko?"

Na ce haka ya ce. Ya ci gaba da gyaran takalmin. Wallahi ban taɓa jin tausayin wani kamar ranar ba.

"To, madalla," ya ce, ya fita.