Saura Kilo Saba'in da Biyar

Wiebe Hoekstra ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗaki marar taga a filin jirgin Schiphol na ƙasar Holan, yana lissafin nauyin manyan jirage masu tsallaka teku. Jirgi irin wannan, in an haɗa mai da kaya da mutane, yakan kai tan ɗari uku da hamsin, kuma daga nan ba a ƙara ko jakar hannu. Aikin Wiebe shi ne ya ce an kai, a tsaya. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai hawa keke zuwa aiki da burodi da cuku a aljihun kwat. Taurin kai kuwa, ko a cikin mutanen yankinsu na Friesland da suka yi suna a kansa, sai an tona kafin a sami irinsa.

Ma'aikatan kamfanin jirgi suna da wata al'ada: ba sa sayen tikiti. Ana ba su na ma'aikata, kusan kyauta, har bayan sun yi ritaya, amma na jiran tsammani ne. Sai kowa ya shiga, an gama lissafi, in akwai rarar nauyi a kira ka. A wurinsu sayen cikakken tikiti abin kunya ne, kamar mai gidan burodi ya je sayen burodi a maƙwabta. Wiebe, ko bayan ya yi ritaya, ya fi kowa riƙo da wannan.

Matarsa Aleida ita ce bakin gidan. Ita ke magana, ita ke dariya, ita ke tsokanarsa. 'Yarsu guda, Mieke, ta yi aure a Santiago ta ƙasar Chile, can ƙarshen duniya. A shekarar da Mieke ta haihu, a shekarar likita ya gano ciwon daji a cikin Aleida. Zuwa bazara ta rame har zobenta yana zamewa. Likita ya ce in za ta je ganin jikarta, ta tafi yanzu.

Mieke ta bugo waya ta ce, "Baba, don Allah wannan karon ku sayi tikiti kamar kowa. Wanda ya biya ba a barinsa a ƙasa."

"Ke yarinya, jirgin nan ni na san shi. Ba ya cika."

Gaskiya ya faɗa, jirgin ba ya cika. Abin da ya ƙi tunawa, shi da ya fi kowa sani, shi ne kujerar da ba kowa a kanta ba ita ke nufin akwai wuri ba.

Ranar tafiya aka tashi da zafi irin wanda ƙasar Holan ba ta saba da shi ba. In iska ta yi zafi ba ta ɗaukar jirgi sosai, dole a rage nauyi. Ga cikin jirgin an cika shi da kayan injina. Ga matuƙi ya ce a ƙara masa mai, don iska za ta tare shi a kan teku. Tun Wiebe yana kallon motar mai ta taga, ya ga ta daɗe ba ta janye ba, ya gane nauyi zai yi yawa.

Ruud ne ke lissafi ranar, tsohon abokin aikinsa da suka daɗe suna shan kofi a tebur ɗaya. Bai aiko kowa ba, da kansa ya hauro ƙofar shiga jirgi, yana share zufa.

"Tsoho," ya ce, "saura kilo saba'in da biyar."

Ba sai an yi wa Wiebe bayani ba. Ba a ɗora fasinja a sikeli. A lissafin kamfanin kowane namiji kilo tamanin da takwas ne, kowace mace saba'in, ko ƙato ne ko ramamme. Mace ɗaya za ta shiga. Namiji ba zai shiga ba.

"Ruud, dube ta," in ji Wiebe a hankali. "Ko hamsin ba ta kai ba."

"Na gani. Ko da an auna ta, kai ɗin fa? Kai ka koya mini ba a taɓa lissafin nan."

Aleida ta yi dariya ta ce, "To madalla. Ashe akwai inda har yanzu nake da ƙibata." Ta juya ga mijinta. "Ni zan tafi, Wiebe. Ka biyo ni a jirgi na gaba. Akwai miyar wake a firij, kada ka zauna kana cin burodi tsura kamar gwauro."

"Mu jira mu tafi tare."

"Ni ba ni da lokacin jira, ka sani."

Bai taɓa jin ta faɗi haka a fili ba. Ya miƙa mata jakar magungunanta, ya gyara mata wuyan riga, ya ce ta riƙa shan ruwa a hanya. Ta shiga ita kaɗai, tana dafa bango. Jirgin ya tashi da kujeru sama da ashirin babu kowa a kansu.

Da a ce daga nan ya wuce ya sayi tikiti, da labarin ya zo da sauƙi. Amma Aleida tana bugo waya muryarta garau, tana cewa jaririyar ta ɗauko hancinsa, abin tausayi, kuma ba ta yarda kowa ya ɗauke ta sai kakarta. Wiebe ya ji haka ya ce ai da sauran lokaci, zafin nan ba zai daɗe ba. Ya koma jiran tsammani a jirgi na gaba. Zafi bai sauka ba. Wannan karon Ruud ko haurowa bai iya yi ba, ta waya ya ce masa babu ko kilo ɗaya.

A ranar Wiebe ya je gaban kanta ya sayi cikakken tikiti, na farko a rayuwarsa. Jirgin Santiago ba kullum yake tashi ba, sai ya koma gida ya jira. Yana zaune a kicin da hantsi, akwatinsa a bakin ƙofa, waya ta yi ƙara. Mieke ce.

"Baba," ta ce, "Mama ta rasu."

"Ta tambaye ni?"

"Ta ce kada a gaya maka jikin ya tashi, wai za ka ɗaga hankalin mutanen filin jirgi. Ta ce ai kana hanya."

Ranar da zai tafi jana'iza aka wayi gari da ruwan sama da sanyi. Duk 'yan jiran tsammani aka kira su, har da wasu ma'aurata masu kekunan hawa biyu. Ruud ya zo bakin ƙofa ya riƙe hannunsa. Wiebe bai tambaye shi lissafin ranar ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya zauna kusa da taga ya ɗaura bel. Jirgi ya hau titi ya fara gudu, Wiebe yana sauraron ƙarar tayoyi. Bai yi tsammanin za su bar ƙasa da wuri haka ba. Da sauran titi mai yawa a gaba jirgin ya ɗaga kai ya tashi sakayau, ba wani nishi. Duk wanda ya yi aikinsa ya san ma'anar wannan: akwai rarar nauyi, tan-tan, wadda za ta ɗauki mutum biyu da kayansu da duk abin da suka mallaka. Ya kifa goshinsa a jikin taga ya yi ta kuka, har ma'aikaciyar jirgi ta zo ta durƙusa tana tambayarsa ko tashinsa na farko ke nan.